Yis Ɗin Baba a Tankin Wani

Russ ya ɗaga murfin ɗan duron, wari ya bugo mu, sai da na ja da baya na dafe bango.

"Ya mutu," in ji shi.

"Rufe min baki."

"Yaya Joelle, ko na rufe baki ya mutu. Shaƙa ki ji. Sai ka ce nama aka manta a bayan mota."

Russ ƙanena ne. Ni da shi muke riƙe da gidan giyar da Babanmu Casimir ya bar mana, a garinmu na bakin tafki, can arewa da Milwaukee. Mun rufe gidan don a sake mana daɓe, muka wanke tankuna kaf, muka tara yis ɗinmu a duro ɗaya muka sa a firji. Masu daɓe suka nemi inda za su jona injinsu, suka zare wayar firjin, ba su mayar ba. Ba mu lura ba sai a safiyar nan, bayan Russ ya riga ya dafa ruwan tsiro, wato ruwan tsiron hatsi da ake yin giya da shi, tanki guda, ya sanyaya shi, saura zuba yis.

Ruwan tsiro kuwa ba ya jira. Zaƙi ne zalla. In ba ka ba shi yis ɗinka ba, ƙwayoyin da ke yawo a iska su ba shi nasu, washegari ka buɗe famfo ka zubar a kwata.

"Akwai na leda a sito," Russ ya ce, bai kalle ni ba. "Busasshe. Yana aiki."

"Yana aiki a giyar kowa."

"To tamu ta fi ta kowa ne?"

Ya san amsar. Tun kafin a haife mu Baba yake juya yis ɗin nan daga tanki zuwa tanki. Shi ke ba giyarmu ƙamshin tuffa da ta fara nuna, da wani ɗan yaji kamar na masoro a ƙarshen harshe. Don shi mutane suke tuƙo mota daga nesa. In na leda ya shiga, giya za ta fito, amma ba ta Baba ba, kuma an rabu ke nan.

"Baba ya sha ba mutane," na ce. "Ya ba Odell na Milwaukee."

"Odell ya rufe gidansa tun ina makaranta."

"Shi ma ya ba wasu."

Russ ya share hannu a wandonsa. "In rana ta faɗi ban ganki ba, zan yanka ledar. Ba zan zubar da tanki guda don ƙamshin tuffa ba."

Na tafasa ruwa na wanke wani ɗan duro, na fesa masa maganin ƙwayoyi, na rufe shi gam. Sannan na kira Gwaggo Marlys, ƙanwar Baba.

Dole sai da direba. Yis in ya shiga hannu uku sunan mai shi ya ɓace, ba wanda zai gaya maka a waya cewa nasa na wane ne. Harshe kaɗai ke ganewa. Mai ɗanɗana giya kuma ba ya tofarwa, don a maƙogwaro ake jin rabin labarin.

Gwaggo ta zo a tsohuwar motarta mai faɗin jirgin ruwa, da jan baki raɗau, sai ka ce biki za mu.

"Wato yau yawon shan giya za ki, ni ce direba," ta ce. "Ubanki ma haka ya mayar da ni."

"Gwaggo, taka mota."

"Ina takawa."

Ba ta takawa. Manyan motocin madara suna wuce mu. Ta tsaya shan mai, ta tsaya sayen soyayyen cuku, ta tsaya gaisawa da mai sayar da cukun, wai ɗan ƙawarta ne. Ni kuwa duro yana tsakanin gwiwoyina, ƙafata sai rawa take.

"Ki daina girgiza min mota."

"Ki daina bin bayan tarakta."

Mun sami Odell inda kowa ya ce za mu same shi: a wani ƙaramin gidan giya na bakin kogi, kan kujerar ƙarshe, kofinsa mai sunansa a gabansa. Ya tsufa, gemu ya yi fari fat, amma da ganina ya buga tebur.

"Kai! Hancin Casimir ya shigo!" Sai ya hango na bayana, ya gyara zama. "Marlys. Har yanzu ba ki shan giya?"

"Har yanzu ba ka wanka?"

Na gaya masa abin da ya faru a tsaye. Ya daina dariya.

"Ubanki ya kawo min shi a bokiti, a bayan babur," ya ce. "Ni kuma duk wanda ya zo da abin zubawa mai tsabta na ba shi. Haka ake yi. Ba a hana ɗan sana'a yis. Gidan nan ma sun taɓa karɓa." Ya ɗaga hannu. "Kawo wa 'yar Casimir jere!"

Aka kawo ƙananan kofuna a jere kan katako, daga mai ruwan zuma har baƙa wuluk. Na bi su ɗaya bayan ɗaya. Ta farko ƙamshin lemon tsami. Ta biyu ɗaci kamar an tauna ganyen dogon yaro. Baƙar kuma kofi da ƙonannen burodi. Duk masu kyau, duk ba ruwana da su.

"Sun canza," na ce.

"Na yi zato. Yaran yanzu kowane wata sabon yis." Odell ya sosa gemu. "Akwai gidan giyar kan titin jirgin ƙasa, su ma na ba su. Akwai na bayan majami'ar Polawa. In duk babu, sai Thea."

Na kan titin jirgin ƙasa ya zama wurin motsa jiki. Na bayan majami'a yana nan, cike da baƙi 'yan yawon buɗe ido, kowa da katakonsa yana ɗaukar kofuna hoto. Na kutsa, na sha jere guda a tsaye. Mai dafawar ta fito da takalmin roba, ta saurare ni, ta riƙe min hannu.

"Wallahi da nawa ne da na cika miki. Amma daga kamfani nake oda. Ki gwada Thea."

Rana ta wuce tsaka. Wayata ta yi ƙara a mota.

"Yaya, ina labari?"

"Saura kaɗan."

"Muryarki ta fara laushi. Kofi nawa kika sha?"

"Kar ka taɓa ledar nan, Russ."

"Tana kan tebur. Kallona take, ina kallonta."

Gidan Thea a ƙarƙashin ƙasa yake, a tsohuwar majema. Giya mai tsami take yi, irin wadda ake bari a gangar katako ƙwayoyin iska su yi yadda suka ga dama. Na sauka matakala da gudu, rungume da durona. Ganguna jere har rufi, yanar gizo-gizo ko'ina. Gwaggo ta ɗaga jaka za ta share wata.

"Mama, kar ki taɓa min ma'aikata!" Thea ta ɗaga murya daga kan tsani. Doguwa ce, kanta a aske. "Su ke cinye min ƙudaje."

"Ashe ƙazanta ma sana'a ce," in ji Gwaggo.

Thea ta zare wata ƙusa daga jikin ganga, giya ta tsillo, ta tara min a kofi. Na kurɓa. Tsami ya kama min muƙamuƙi, ƙamshin ciyawa, ƙamshin garke. Can ƙasa kuma, kamar ka jiyo muryar naka a tsakiyar hayaniyar kasuwa, sai ga tuffa.

"Yana ciki!" Na dire duron, na ɓalle murfin. "Thea, yana ciki. Zuba min."

Ta kalli duron da na buɗe, ta kalle ni.

"'Yar'uwa, rufe abin nan."

Na rufe. Amma na riga na buɗe.

"Yana ciki, gaskiya ne," ta ce a hankali. "Odell ya ba ni. Amma ya auri duk abin da ke rufin nan, sun hayayyafa. In kika zuba shi a tankinki, gidanki ya zama irin nawa har abada."

Na zauna a kan matakala. Kaina ya ɗan yi nauyi.

"Sai dai," in ji Thea, "kafin in haɗa su, wani ya zo da bokiti sabo fil da takalmi mai sheƙi. A lokacin yana shirin buɗe wurinsa. Preston."

"Wane Preston?"

"Fita ki ɗaga kai. Sunansa yana jikin kowace bas."

Gidan Preston gilashi ne daga sama har ƙasa, tankuna suna ƙyalli kamar madubi. Ba a ganin mai gida sai da alƙawari, in ji matar da ke bakin ƙofa, amma ana shirin zagayawa da baƙi. Muka shiga layi. Wata mai jagora da lasifika a baki ta tara mu gaban wani babban hoto na tsohuwa mai ɗankwali.

"Wannan ita ce Hildegard, kakar kakan mai gidanmu," ta ce. "Da ta baro Turai a jirgin ruwa, ba ta ɗauko zinariya ba. Yis ta ɗauko, a kwalba, cikin safa, a ƙirjinta. Shi ne a kofin da za ku sha yanzu."

Baƙi suka yi "ayya". Aka raba kofuna.

Tun kafin ya kai bakina na sani. Tuffa. Na haɗiye, na jira. Masoro ya taso a ƙarshen harshe, daidai inda yake tasowa tun ranar da Baba ya fara tsoma yatsa ya ɗiga min.

Gwaggo, wadda ba ta shan giya, ta karɓi kofin daga hannuna ta shinshina.

"Wannan warin rigar Casimir ne," ta ce, da ƙarfi.

Na fita daga layi na nufi ƙofar da aka rubuta ba shiga. Wani mutum ya fito ta cikinta, gashi a kwance, riga a goge.

"Baiwar Allah, zagayen ta can ne."

"Kai ne Preston? Ni Joelle, 'yar Casimir. Mai dafawa ce. Yis ɗina ya mutu, ruwan tsiro yana tanki tun safe." Na ɗaga duron. "Na zo da abin zubawa."

Ya san al'ada, na gani a fuskarsa. Ya kuma san sunan.

"Yis ɗin gidan nan na iyali ne," ya ce.

"Na iyali ne. Iyalina."

"A hankali, mutane na ji."

"Ɗan nan," in ji Gwaggo, "kakar taka a bayan babur ta ƙetaro tekun?"

Ya yi kamar bai ji ba. Idonsa ya sauka kan takalmina, sannan kan duron. Akwai zaren gizo-gizo manne da hannun murfin.

"Daga ina kuke?"

Na sa yatsa zan share zaren, ya riga ni magana.

"Daga ramin Thea." Ya ja da baya kamar na zo da wuta. "Kika shiga da duron? Kika buɗe shi a can?"

"Na ɗan lokaci."

"Kika kuma tako min daɓe da takalmin nan. Ke mai dafawa ce da gaske?"

Abin haushin, gaskiyarsa ce. Ko ni, da wani ya zo min haka, da tsintsiya zan kore shi. Duron ya tashi aiki. Ko ya yarda ya cika min, tsami zan kai gida. Na ajiye shi, na zare takalman, na tsaya a safa a kan sumunti mai sanyi.

"To ba ni a naka duron. Zan dawo maka da shi cike da giya."

Ta gilashin bayansa na ga inuwar gidajen ƙetaren titi ta fara miƙewa. Wayata tana ta motsi a aljihu.

"A gidanku kuna ba da labarin yis ɗin?" ya tambaya.

"Yana rubuce a allo, saman kantar sayar da giya. Sunan Baba da shekarar da ya fara."

"Mutanen da ke zuwa nan suna zuwa can. Wata rana wani mai harshe zai haɗa biyu." Ya gyara wuyan riga. "Zan ba ki, sabo, na yau da safe, a durona. Amma allon nan ya sauka. In an tambaye ki inda kika samo, ki ce daga gidana."

"Ka ji marar kunya!" in ji Gwaggo.

"Mama, ƙarya na ce ta yi? Daga yau ai daga gidana ta samo."

"Joelle, ɗauki takalminki. Gara a zubar da tankin."

Na kalle ta. "In na fita haka, Russ zai zuba na leda."

"Ya zuba! Sunan ubanki zai zauna a bango."

"A saman giyar da ba tasa ba, Gwaggo."

Jan bakinta ya kwanta a layi ɗaya.

Na miƙa wa Preston hannu. "Na yarda."

Bai bar ni na wuce ƙofar ba. Ta gilashi na ga an jona tiyo a gindin wani tanki, yis yana gangarowa mai kauri, launin madarar da aka dama da gero. Aka kawo min duron a sanyaye, yana raɓa. Na rungume shi na fita a safa, takalmina a hannun Gwaggo, ta riƙe su da yatsa biyu.

Na zauna a mota, na ɗaure duron da bel kamar jariri. Gwaggo ta jefa takalman a but, ta tsaya da makulli a hannu.

"Shiga mu tafi!"

"Ke kika yi alƙawari," ta ce. "Ni ban yi ba."

"Gwaggo! Rana!"

Ta juya ta koma ciki da makullin. Ko da ta bar shi ba zan iya tuƙi ba, giyar gida huɗu tana kaina. Na ɗauki waya.

"Yaya, almakashi yana hannuna."

"Ajiye shi. Na samu."

"Na Baba?"

"Na Baba."

"To me kike jira?"

"Gwaggonka."

Ina hango ta ta gilashi. Sabon rukunin baƙi ya taru gaban hoton tsohuwar. Gwaggo ta ratsa su, ta karɓe lasifikar daga hannun mai jagora, ta nuna hoton, ta nuna ƙirjinta, ta kwaikwayi tuƙa babur da hannu biyu. Na dunƙule a kujera, ina jiran a fito a ƙwace duron. Sai na ga kawuna suna kaɗawa. Wani ya ɗaga waya yana ɗauka. Sannan duk suka ɗaga kofuna.

Ta fito, ta shiga, ta rufe ƙofa da ƙarfi.

"Tafa min suka yi," ta ce. "Sun zaci cikin wasan ne. Wata ma ta ce in tsaya mu yi hoto."

Na gyara bel ɗin duron.

"Na faɗi sunan ubanki dai. Sau uku."

Ta tayar da mota. A wannan karon ta taka. Ban taɓa sanin jirgin ruwan nan yana da irin wannan gudu ba. Muka wuce motocin madara, muka wuce gonakin masara, rana tana gangarowa ta tagar hagu, ja kamar garwashi. Duron ya fara ɗumi, yis ya farka yana tura iska. Lokaci-lokaci sai in ja ɗan zoben murfin ya yi tsaki, motar ta cika da ƙamshin. Gwaggo ba ta sauke gilashi ba.

Mun tarar da Russ a bakin ƙofa, hannu a ƙugu, sauran hasken yamma a bayansa.

"Ina takalminki?"

"Kar ka taɓa but ɗin motar nan. Kawo tiyo."

Ya kalli tambarin da ke jikin duron, ya kalle ni, ya fasa tambaya. Muka fesa wa komai magani, muka jona, muka tura yis ɗin cikin tanki. Russ ya sa bakin tiyon iska a bokitin ruwa. In yis ɗin ya kama aiki, iskar da yake turowa za ta ɓulɓulo a nan.

Ruwan bokitin ya kwanta lif.

"Sai da safe," in ji Russ. "Kin san ba ya gaggawa."

Da gari ya waye na riga kowa zuwa. Na leƙa bokiti, shiru. Na zagaya tankin, na kara kunne a jikinsa, na dawo, shiru. Zama ya gagare ni. Na ɗauko tsani na jingina a bangon kanta, na hau na fara kwance allon. Ƙusoshin sun yi tsatsa, Baba da kansa ya ɗaura su, kuma bai ɗaura don a cire ba.

Russ ya shigo da kofi biyu a hannu, ya tsaya.

"Wannan ne kuɗin yis ɗin?"

"Wannan ne."

Ya ajiye kofunan, ya zo ya riƙe min tsanin. Muka sauke allon tare, muka jingina shi fuskarsa na kallon bango. Inda ya tashi fentin ya fi haske.

Daga ɗakin tankuna wani abu ya ce ɓul.

Muka tsaya cak. Shiru. Sannan ɓul, ɓul.

Russ ya riga ni isa. Na same shi durƙushe a gaban bokitin, hancinsa kusa da ruwan, idonsa a rufe.

"Matsa," na ce. "Ba kai kaɗai ke da hanci ba."